Ko Gwaninta Tana Fid Da Karta Daga Caca?

 

A cikin watan Agusta na shekarar 2012 wani dattijon alƙali na kotun tarayya a birnin Niyu Yok ta ƙasar Amurka, mai suna Jack Weinstein, ya yanke wani hukunci wanda 'yan karta suka yi ta murna da shi kamar an ga watan salla. Wanda aka gurfanar a gabansa ɗan kasuwa ne mai sayar da kekuna masu aiki da lantarki a tsibirin Staten. A ɗakin baya na sitonsa ya ajiye teburan karta, mutane su kan taru da dare su yi wasa na kuɗi, shi kuwa yana yankar kashi 5 cikin 100 na abin da aka zuba a kowane zagaye. Masu taimaka wa alƙali sun same shi da laifin gudanar da sana'ar caca, amma alƙalin ya soke wannan hukunci. Hujjarsa ita ce, wasan da a ke yi a ɗakin nan, wanda a ke kira foka, gwaninta ta rinjayi sa'a a cikinsa, saboda haka ba ya cikin irin cacar da dokar tarayya ta ke nufi.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Abin lura shi ne ba ta ce alƙalin ya yi kuskure a kan maganar gwaninta ba. Cewa ta yi wannan magana ba ita ce mahaɗar shari'ar ba, tun da dokar jihar Niyu Yok ta riga ta hana irin wannan sana'a. Watau an bar tambayar a tsaye, kuma ita ce tambayar da matashi Musulmi wanda ya koyi wasan nan a wajen karatu ko a cikin wayarsa ya kan kawo wa malamai: idan abu ilmi ne da lissafi da haƙuri, idan gwani ya kan ci kuma sakarai ya kan faɗi, da wane dalili za a haɗa shi da jefa kwabo ko cankar lamba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba tsawa ce amsarta ba.

Ya kamata a fara da sanin wasan kansa, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Irin fokar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce wadda a ke jingina wa jihar Teksas, wadda 'yan cacar can suka kai birnin Las Vegas a shekarun 1960. Da katin karta 52 a ke yinta, mutum biyu zuwa goma a tebur. Mai rabawa ya ba kowa kati biyu a rufe, ba mai ganinsu sai mai su. Tun kafin a duba, mutum biyu sun riga sun ajiye kuɗi na tilas a tsakiya domin a sami abin da za a yi takara a kansa. Sa'an nan a shimfiɗa kati biyar a buɗe a tsakiyar tebur, na kowa da kowa, amma ba gaba ɗaya ba: uku tukuna, sa'an nan ɗaya, sa'an nan na ƙarshe. A kowane mataki a kan zaga, kowa ya zaɓi ɗayan uku: ya janye ya bar abin da ya riga ya zuba, ko ya biya daidai da abin da na gabansa ya sa, ko ya ƙara. Wanda katinsa biyu da na tsakiya suka ba shi haɗi mafi girma shi ke kwashe tarin. Amma kuma mutum ya kan kwashe ba tare da ya nuna komai ba, in ya zuba kuɗin da ya tsorata sauran duka suka janye. Wannan ita ce burga, kuma ita ce ran wasan.

Akwai sifofi biyu da suka bambanta zaman da a ke magana a kansa. Ta farko, ba shi da iyaka. A kowane lokaci mutum yana iya tura dukan abin da ke gabansa tsakiya, wanda ke son ci gaba kuwa dole ya biya daidai ko ya tura nasa duka. Ta biyu, zaman kuɗi ne tsura, ba gasa ba. A gasa a kan biya kuɗin shiga sau ɗaya, wanda ya ƙare ya tashi. A zaman kuɗi kuwa kwandalolin robar da ke gaban mutum kuɗi ne na gaske, in sun ƙare ya sa hannu a aljihu ya sayi wasu, kuma ba wata ƙararrawa da za a buga a ce an tashi. A ƙara da cewa ba a babban gidan caca a ke yi ba, a gidan wani ne, ko bayan kantinsa, sai wanda aka gayyata, kowa ya san kowa.

To, maganar gwaninta gaskiya ce, kuma mai musunta ya ba da kansa tun da wuri. A shari'ar da aka ambata, wani masanin tattalin arziki ya bi diddigin zagaye miliyan 415 da aka yi ta intanet, ya nuna cewa gwanaye suna fin raunana ci a kai a kai. A 2011 waɗansu masana biyu, Steven Levitt da Thomas Miles, sun duba babbar gasar duniya ta Las Vegas ta 2010, suka ga waɗanda aka san su da gwaninta tun kafin gasar sun ci ribar fiye da kashi 30 cikin 100 na kuɗin da suka sa, sauran jama'a kuwa sun yi asarar kimanin kashi 15. A 2017 wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka tsara a jami'ar Carnegie Mellon ta kayar da gwanaye huɗu a cikin zagaye 120,000. Ba a koya wa na'ura sa'a. Lalle akwai ilmi a wurin.

Amma akwai sa'a kuma. Mafi kyawun abin da za a raba wa mutum shi ne as biyu, kuma sau ɗaya ya kan zo a cikin rabo 221. In mai as biyu ya haɗu da mai sarki biyu suka tura duka, mai as zai ci wajen sau 82 a cikin 100, sau 18 kuma ya tashi hannu wofi alhali bai yi kuskuren komai ba. Gwaninta a dogon zango ta ke bayyana, bayan dubban zagaye. Daren yau kuwa, kati na biyar ne ke da magana.

Sai dai duk wannan awo na gwaninta da sa'a ma'aunin alƙalan Amurka ne. Shari'ar Musulunci ba ta rataya hukuncin a nan ba, kuma hujjar da ta fi bayyana haka tana cikin littafin da ɗalibi ke karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta hana wasan nardi, wanda da ƙuri'a a ke yinsa, ta kuma hana shaɗaranji a wuri guda. Shaɗaranji kuwa ba shi da ƙuri'a, ba shi da katin ɓoye, komai a fili ya ke, tunani ne zalla. Malamai sun yi saɓani a kan yinsa ba kuɗi: Imamu Malik ya tsananta, Imamu Shafi'i ya sassauta ya tsaya ga karhanci. Amma in an sa kuɗi, wannan ya ajiye wancan ya ajiye, mai nasara ya kwashe, to, a nan ba su saɓa ba, caca ce. Haka darar da dattawa ke yi a gindin bishiya: ba wanda ya taɓa cin dara da sa'a, amma ran da aka ajiye sule a gefen ramuka sunanta ya sake. Ma'anar caca a wurin malaman fiƙihu ita ce mutane su shiga wani ƙulli wanda kowannensu ba ya fita sai da ɗayan biyu, ko ya ci dukiyar abokinsa ko a ci tasa, bisa ga wani sakamako da ba wanda ya san shi tukuna. Abin da ke kawo sakamakon, ƙuri'a ce ko ƙwaƙwalwa, bai shiga ma'anar ba.

An yi togaciya ga tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, saboda amfaninsu ga tsaron al'umma. Ko a nan ma, a mazhabar Malik, ladan ya kan fito ne daga wani na gefe, ko daga ɗayan masu tseren da sharaɗin ba zai koma aljihunsa ba ko da shi ya riga. Watau an bar gasa, an toshe ƙofar da gwani zai bi ya mai da gwanintarsa tarkon dukiyar ɗan'uwansa.

Ita kanta cacar da Alƙur'ani ya sauka ya tarar a hannun Larabawa ta fi ta ɗakin bayan sito kyan fuska nesa ba kusa ba. A lokacin sanyi da yunwa masu hali su kan sayi raƙumi a yanka, a kawo kibau goma marasa tsini a zuba a jaka. Bakwai suna da rabo, daga mai kashi ɗaya har mai kashi bakwai, uku kuwa ba su da komai. Wanda kibiyarsa ta fito da rabo ya ci, waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin. Naman kuwa galibi matalauta a ke raba wa, kuma mutum ya kan yi alfahari da haka, wanda ya ƙi shiga a yi masa gorin rowa. Ga caca wadda ke ciyar da mayunwata. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ba ta yi musun amfanin ba, ta tabbatar da shi, sa'an nan ta bayyana cewa zunubin ya fi shi girma. Daga baya aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka yanke magana, suka jera caca tare da giya da gumaka, suka kuma faɗi dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Saboda haka mai cewa foka tana koyar da lissafi da danne zuciya da sanin halin mutane bai zo da sabon abu ba. An riga an ji irin hujjarsa, an yarda da ita, an auna ta, ba ta rinjaya ba.

Mai tambaya ya kan juyo ta wata fuska ya ce, ai ɗan kasuwa ma kasada ya ke yi. Mai sayen shanu a Maigatari ya loda su zuwa Ikko bai san abin da zai tarar ba, ko riba ko faɗuwa, shi ma da ilmi da ƙwarewa ya ke rage hatsarinsa, me ya raba su? Abin da ya raba su shi ne shanun. Makiyayi ya sami kuɗin da ya ke bukata, direba da ɗan kamasho sun ci abinci, mahauci ya sami nama, falke ya sami riba, duka a cikin ciniki guda, kuma yana yiwuwa kowannensu ya koma gida ya fi yadda ya fito. Kasadar falke ta biyo aiki ne, ba wanda ya ƙirƙire ta, da zai iya kawar da ita da ya kawar. A teburin karta kuwa ba a noma komai ba, ba a kai komai ko'ina ba, kasadar ce kaɗai hajar, kuma da gangan aka ƙera ta. Duk dalar da ta shiga aljihun wani daga aljihun na kusa da shi ta fito.

Ba ma daidai ta ke komawa ba, domin mai gida yana yankar la'adarsa. A ɗauka, don misali, mutum tara sun zauna kowa da dala 200, jimla 1,800. Mai rabawa mai sauri ya kan yi zagaye wajen 30 a awa. In tarin kowane zagaye ya kai dala 60, kashi 5 cikin 100 dala 3 ke nan, watau 90 a awa. Kafin a yi awa shida dala 540 sun sulale zuwa akwatin mai gida, kusan sulusin abin da aka zo da shi, kuma ba wanda ya ji fitarsu domin da kaɗan kaɗan suka tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'anar wannan lissafi ita ce, in aka haɗa masu wasan duka, asara su ke yi kullum, kuma kafin gwani ya ci riba sai wani ya faɗi faɗuwar da za ta biya mai gida ta kuma biya shi.

A nan ne maganar gwaninta ta ke juyawa ta sari mai ita. Da a ce sa'a ce zalla, da mutanen tebur daidai su ke a cikin wautarsu, yau wannan gobe wancan. Amma tun da an tabbatar cewa gwani ya kan ci a dogon zango, an tabbatar ke nan cewa akwai wanda a ke ci a dogon zango, kuma gwani ya san shi, shi kuwa bai san kansa ba. 'Yan foka suna da suna ga irin wannan mutum, kifi su ke ce masa. Ba asiri ba ne a tsakaninsu cewa babban abin da ke kawo riba ba iya lissafi ba ne kawai, iya zaɓen tebur ne: ka nemi inda kifi ya ke, ka zauna inda za ka riƙa yin magana bayansa, kada ka gyara masa kuskure, kada ka ba shi kunya, in ya ci sau ɗaya da sa'a ka yaba masa domin ya dawo mako mai zuwa. Gwanaye tara in sun haɗu su kaɗai, mai gida su ke yi wa aiki. Sana'ar ba ta tsayawa sai da wanda bai iya ba kuma ya ke zaton ya iya.

A babban gidan caca kifin baƙo ne, ba a san sunansa ba. A zaman gida kuwa abokin aiki ne, ko maƙwabci, ko mijin ƙanwa. An san ran da a ke biyansa albashi. An san cewa in ya faɗi sau biyu a jere idonsa ya kan rufe ya riƙa zuba kuɗi don ramuwa. An san yadda muryarsa ta kan canja in yana burga, domin an yi shekaru ana cin tuwo da shi. Duk abin da zumunci ya tara na sanin halin mutum, wanda asalinsa don a rufa masa asiri ne a kuma san lokacin da za a tallafe shi, shi ne a ke ɗauka a mayar makami. Masu kare zaman gida su kan ce ai tsakanin 'yan'uwa ne, ba wani baƙo. Wannan shi ne aibinsa mafi girma.

Game da burga, adalci ne a ce ba ƙarya ba ce irin ta ciniki. Kowa ya zauna ya san za a yi masa ita, kamar yadda ɗan kokawa ya san abokin karawarsa zai nuna dama ya kama hagu. Da a kan ƙwallon goruba a ke yi da ba wanda zai kira ta ha'inci. Amma a dubi abin da mutum ke horar da kansa a kai awa shida a dare, mako bayan mako: ya daskarar da fuskarsa kada ta nuna abin da ke ransa, ya zuba wa ɗan'uwansa ido yana neman alamar tsoro, in ya gan ta ya danna a daidai wurin. Addini ya umarci Musulmi ya karanci fuskar ɗan'uwansa don ya gane damuwarsa. Wannan ma karatun fuska ne, amma irin na shaho.

Sauran hujja guda, kuma ita ce ta fi ƙarfi a kunnen mutumin zamani: yarda. Manya ne, da hankalinsu, da kuɗinsu, ba wanda aka jawo da igiya. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta ambaci yarda, amma ta ɗaura ta ne ga kasuwanci. Yarda sharaɗi ce a cikin ciniki halattacce, ba ta mai da haramtacce halal. Mai karɓar bashi da ruwa ma da yardarsa ya sa hannu. Ban da haka, wace yarda ce? Mutumin da ya zauna da ƙarfe tara na dare ya ce dala 200 zai kashe ya tashi, ya yarda. Mutumin da ke sayen kwandaloli karo na huɗu da ƙarfe uku na dare, hannunsa na rawa, yana neman ya maido abin da ya tafi, shi ma ya ce ya yarda, amma ba mutum guda ba ne da na farko. Wasan marar iyaka an gina shi ne yadda aikin awa biyar zai iya rushewa a minti guda, zaman kuɗi kuma an gina shi yadda ba lokacin tashi. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 2013 suka sa cutar caca a babi guda da shaye-shaye, abin da mai karanta Suratul Ma'ida ba zai yi mamakinsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a nemi yardarsu ba sam. Kuɗin da ke gaban magidanci ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai cefanen uwargida a ciki, da kuɗin makarantar yara, da na maganin tsohuwa. Ba ɗayansu da aka ba kujera a tebur, amma da su a ke wasan.

Zaman gida yana da wata masifa da babban gidan caca ya rage ta, ita ce bashi. Tun da an san juna, wanda ya ƙare ba ya tashi, sai a ce masa ci gaba, ka biya Jumma'a. Bashin caca kuwa bashi ne da ba a kai shi gaban alƙali, ba takarda, ba shaida da zai yarda ya tsaya. Mai binsa ba shi da hanya sai kunyatarwa ko barazana, wanda a ke bi kuma ya fara sauya hanya, ya daina amsa waya, ya ƙi zuwa suna don kada su haɗu. In wani ya yi zargin an haɗa baki a kansa, ko an yi wa kati alama, ba mai raba gardama. In 'yan fashi suka ji labarin ɗakin da kuɗi ke kwana a kan tebur, waɗanda aka yi wa fashin ba sa son 'yan sanda su ji. Gaba da ƙiyayyar da aya ta ambata ba sai an jira Lahira ba. Maganar salla kuwa gajeriya ce: zaman da a ke farawa bayan lisha a tashi da assalatu, wanda aka ci ba ya iya tashi don yana neman ramuwa, wanda ya ci kuma a kan ga rashin kunyarsa in ya miƙe da kuɗin mutane, kowa ya san inda asuba ta ke kwana.

Abin da ke jan matasa shi ne labarin waɗanda suka dace. A 2003 wani akawu daga jihar Tenesi, Chris Moneymaker, ya sami kujerar babbar gasa ta hanyar wasan intanet da bai kai dala 100 ba, ya tashi da dala miliyan biyu da rabi. A shekarar mutum 839 suka shiga gasar, a 2006 kuwa sun kai 8,773. Ba a cika ba da labarin Stu Ungar da irin wannan zumuɗi ba, alhali da yawa daga masana wasan suna ganin ba a yi gwani kamarsa ba. Ya ci babbar gasar sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, na ƙarshen dala miliyan guda. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, abin da ke jikinsa bai kai dala 1,000 ba. Gaskiya ne ba teburin foka ya cinye dukiyarsa ba, miyagun ƙwayoyi ne da cacar dawaki da ta wasanni. Amma wannan shi ne abin dubawa: gwanintarsa ta tsare shi daga abokan wasa, ba ta tsare shi daga ƙishirwar da wasan ya dasa masa ba.

Kada a ɗauka laifin na takardar ne. Masana tarihi suna ganin daga Masar ta zamanin Mamalik karta ta shiga Turai a ƙarshen ƙarni na 14, kuma har yau akwai irin wannan kati a gidan tarihi na Topkapi a Istambul. Yin karta ba kuɗi malamai sun saɓa a kansa kamar yadda suka saɓa a kan shaɗaranji, waɗansu sun hana, waɗansu sun bari in ba ta kai ga tozarta salla da alfasha ba. Mai son lissafin foka da karatun halin mutane yana iya jarraba kansa: a zauna a yi da tsakuwa. Masu wasan su ne farkon waɗanda za su ce ai in ba kuɗi ba daɗi, burga ba ta cin kowa. Da wannan sun amsa tambayar da kansu a kan abin da ke zaunar da su.

Wanda ya riga ya shiga kuma ya ke son fita, malamai sun ce tuba ba ta cika da nadama kaɗai in akwai dukiyar mutane a hannu. Abin da aka ci a caca bai zama mallakar mai ci ba. In an san masu shi a mayar musu, in ba a san su ba a fitar da shi ga mabukata ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Ɗan wasan intanet yana iya cewa bai san wanda ya ci ba. Ɗan zaman gida ba shi da wannan mafaka, ya san su da sunayensu da ƙofofin gidajensu, kuma ko da kuɗin sun yi ta kai da kawowa ya san wanda ya daɗe yana fita da aljihu wofi. Zai ji nauyin ƙwanƙwasa ƙofar, wanda za a mayar wa ma wataƙila ya ji kunyar karɓa, domin karɓar tana nufin ya yarda shi ne kifin. Mai gida kuwa, wanda ya ce shi ba ya wasa, kujera da shayi kawai ya ke bayarwa, la'adarsa daga cikin tarin ta fito, hukuncinta hukuncin tarin ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya kira abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. Ba a ce wanda ya yi cacar ba, wanda ya yi kiran kawai, ko da abokin ya ƙi zuwa, ko da ba a raba kati ba. Zaman gida kuwa ba shi da allo a bakin titi, ba shi da talla. Da kira kaɗai ya ke rayuwa: ɗan saƙon da a ke aikawa da yamma a ce yau akwai zama, saura kujera ɗaya, ka zo da wane.